Yadda Za Ka Raini Yaro Ya Tashi da Son Ƙungiyar Garinsu

A shekarar 1990 aka haife ni, shekarar da aka haɗe ƙungiyoyi uku na cikin Kano, wato WRECA da Golden Stars da Bank of the North, aka samar da Kano Pillars, don haka a gidanmu ana kirana sa'an Pillars tun kafin in san abin da sunan yake nufi. Ina da shekara 12 kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya fara riƙe hannuna ya shigar da ni filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, kuma daga ranar har yau ban taɓa neman wata ƙungiyar da zan kira tawa ba. Yanzu ni ne nake riƙe hannun ɗana muna bin hanyar nan, kuma abokai sukan tambaye ni yadda aka yi yaron ya san sunayen 'yan bayan Pillars ɗaya bayan ɗaya, alhali sa'o'insa ba su san kowa ba sai 'yan wasan Ingila da Sifaniya. Abin da zan faɗa a nan amsa ce gare su, da kuma duk wani uba ko kawu ko yaya da yake son yaron da ke hannunsa ya tashi yana da ƙungiyar da zai ce ta garinsu ce. Da Pillars zan yi misali domin ita na sani, amma mutumin Maiduguri zai iya sa El-Kanemi Warriors a gurbinta, na Bauchi ya sa Wikki Tourists, na Katsina ya sa Katsina United, hanyar duk ɗaya ce.

Ka riga gidan kallo

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A unguwannin Kano a yau da wuya ka yi tafiyar minti biyar ba ka ga gidan kallo ba, da allonsa a jingine a ƙofa an rubuta wasannin ranar da alli, kuma kafin yaro ya kai shekara goma zai tarar abokansa sun riga sun raba kansu tsakanin Arsenal da Chelsea da Manchester United da Real Madrid da Barcelona. Idan ka jira sai ya zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan, ya yi faɗa a kanta, an tsokane shi saboda ita, to ka makara, domin zuciyarsa ta riga ta sami mai ita, kuma ranar da ka kai shi Ƙofar Mata zai zauna ne yana kwatanta ciyawar filin da wadda yake gani a talabijin. A ganina shekara bakwai zuwa takwas ne lokacin da ya fi dacewa, lokacin da yaro zai iya zama wuri ɗaya na minti 90, ya iya haddace lambar wayarka, ya kuma iya gaya maka idan yana jin ƙishirwa ko tsoro.

Kada ka hana shi kallon ƙwallon Turai, domin hani ba abin da zai ƙara masa sai kwaɗayi, kuma gaskiya ne cewa a can an fi mu kuɗi da filaye da tsari. Abin da za ka yi shi ne ka nuna masa inda hanyoyin biyu suka haɗu, kuma mu mutanen Kano Allah ya sauƙaƙa mana wannan ta hanyar Ahmed Musa. Ka gaya masa cewa da rigar Pillars Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, daga nan ya tafi VVV-Venlo a Holan, ya wuce CSKA Moscow a Rasha, ya je Leicester City a Ingila, ya zura wa Ajantina ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya sake zura wa Iceland biyu a ta 2018, sannan bayan duk wannan ya dawo ya sake sa rigar Pillars a 2021, ya kuma sake dawowa a 2024. Yaron da ya ji wannan labari zai fahimci cewa 'yan wasan da yake gani a Ƙofar Mata da waɗanda yake gani a allon gidan kallo duk sana'a ɗaya suke yi, kuma wanda ya je filin garinsu shi ne yake fara ganinsu kafin duniya ta gani.

Akwai wata matsala da dole ka warware ta tun kafin ka yi wa yaro alkawari. Mafi yawan wasannin lig da ƙarfe 4 na yamma ake take su, galibi ranar Lahadi, wani lokaci Laraba, kuma wannan shi ne daidai lokacin da yara suke Islamiyya. Kada ka saci yaro daga makaranta ka ce kada ya faɗa wa mahaifiyarsa, domin idan ka yi haka ka fara koya masa cewa ƙwallo abu ne da ake yin ƙarya saboda shi. Ka je da kanka ka sami malaminsa, ka nemi izini na rana ɗaya a wata, ka yi alkawarin cewa haddar ranar za a biya ta a gida kafin a fita, kuma ka cika. Haka nan ka zauna da mahaifiyarsa ka gaya mata inda za ku zauna da lokacin da za ku dawo, domin tsoron da iyaye mata suke yi wa filin ƙwallo yana da dalili, kuma za mu zo kansa.

Ranar farko

Zaɓen wasan da za ka fara kai shi ya fi komai muhimmanci a wannan rana. Kada ka fara da wasan Katsina United, kada ka fara da Enyimba ta Aba ko Rangers ta Enugu, kada kuma ka fara da wasan ƙarshen kaka wanda kofi ko faɗuwa ya rataya a kansa, domin a irin waɗannan ranaku filin yakan cika ya batse, zukata kuma a kusa suke. Ka nemi wasa na tsakiyar kaka da ƙungiyar da ba mu da wata jiƙaƙƙiya da ita, wanda za a sami wurin zama a yalwace, yaro ya ga ƙwallo, ya ji ihun ci idan Allah ya kawo, ya koma gida yana marmarin dawowa.

Ku ci abincin rana a gida, ku yi alwala, ka sa masa hula saboda rana, ka rubuta sunanka da lambar wayarka a takarda ka sa masa a aljihu ko da ya haddace ta, domin yaron da ya firgita yakan manta har sunan unguwarsu. Ku isa aƙalla awa ɗaya kafin a take wasa. Idan a Adaidaita Sahu kuka zo, ku sauka nesa kaɗan da ƙofa ku ƙarasa da ƙafa, ka riƙe hannunsa riƙo na gaske, kana nuna masa masu sayar da tutoci da rake da gyaɗa, da jama'ar da ke kwararowa daga cikin gari da Fagge da sauran unguwanni cikin rawaya da kore, domin wannan tafiya ta ƙafa ita ce rabin abin da zai tuna. Kafin ku shiga ka tsaya ka nuna masa wuri ɗaya tabbatacce, ka ce masa idan kun rabu ya je nan ya tsaya kada ya motsa, kada kuma ya bi kowa sai jami'in tsaro mai kaki. Ka tsara yadda za ku yi sallar La'asar tun kafin ku hau kujera, domin lokacinta yana shiga ne dab da take wasa, kuma yaron da ya ga ka fifita salla a ranar da kake ɗokin ƙwallo ya karɓi darasin da ba ka buɗe baki ka faɗa ba.

Ka sayi tikiti, naka da nasa, ka ba shi ya riƙe nasa da hannunsa. Na san akwai masu alfahari da cewa su ba sa biyan kuɗin ƙofa saboda sun san wane ko sun san wata ɓarauniyar hanya, kuma sau da yawa su ne suka fi kowa ɗaga murya idan aka ce ƙungiya ba ta da kuɗin sayen ɗan wasa. Ni ban yarda mutum ya kira kansa mai goyon baya ba alhali abin da ya fi sauƙi a cikin goyon bayan, wato kuɗin shiga, yana guje masa. Idan kun koma gida ka sa yaron ya adana guntun tikitin. Nawa na farko yana nan a cikin wani tsohon littafi har yanzu, rubutun jikinsa ya kusa gogewa.

A ciki kuma, idan aljihunka zai iya, ku zauna a ɓangaren da yake da rufi, kusa da matakala, sama kaɗan yadda zai ga filin gaba ɗaya, nesa da shingen da ke tsakanin 'yan kallo da fili. Masu ganga da bushe-bushe su ne ran filin, kuma yaro zai so ya je kusa da su, amma a karon farko ya ishe shi ya hange su ya ji amon, domin wurinsu ya fi ko'ina cunkoso da tsalle-tsalle. Idan an tashi kada ku bi turmutsutsun farko, ku zauna minti goma ko sha biyar har ƙofofi su yi sauƙi. Idan kuwa ka ga alamar rikici, an fara jifa da ruwan leda ko ka ga 'yan sanda suna shirin harba barkonon tsohuwa, to ka ɗauke shi ku fice ko da saura minti talatin, ba tare da ka tsaya ganin ƙarshen abin ba.

Koya masa kallo, sannan ka ba shi tarihi

Yaro idan ya fara zuwa fili ƙwallon kawai yake bi da ido, duk inda ta yi nan kansa zai juya. Aikinka ne ka koya masa ganin sauran abin da ke faruwa. Tun lokacin da 'yan wasa suke motsa jiki ka riƙa nuna masa su da suna da lamba, wannan mai tsaron gida ne, waɗannan 'yan baya ne, wancan shi ne kyaftin. Idan an take, ka zaɓar masa ɗan wasa ɗaya ka ce ya bi shi da ido na minti biyar ko da ƙwallo ba ta wurinsa, ya ga yadda yake gudu ya buɗe wa wani hanya, ya ga yadda ɗan baya yake yi wa abokinsa magana su tashi tare don su kama ɗan gaba a satar gida. Wannan abu ne da talabijin ba ya nunawa, kuma shi ne ribar mai zuwa fili. Ka bayyana masa satar gida a hankali, da duwatsu a ƙasa idan kun koma gida, domin rabin zagin da ake yi wa mai taimaka wa alƙalin wasa daga bakin mutanen da ba su fahimci wannan doka ba yake fitowa.

Ka saya masa ƙaramin littafin rubutu na ƙwallo kawai. Bayan kowane wasa ya rubuta kwanan wata, da ƙungiyar da aka kara da ita, da sakamako, da wanda ya ci, sannan ya lissafa maki da kansa: 3 idan an yi nasara, 1 idan an yi canjaras, babu komai idan an sha kashi. Ƙungiyoyi 20 ne a gasar, kowace tana buga wasa 38, don haka kafin kaka ta ƙare yaron ya yi tarawa da ɗebewa fiye da yadda zai yarda ya yi a aikin gida, ya kuma san inda Aba da Enugu da Ibadan da Fatakwal suke a taswirar Nijeriya. Ranar da ƙungiya take wasa a waje ku zauna tare kusa da rediyo ko waya, kada ka bari wasan waje ya wuce kamar ba a yi ba, domin wanda ya san ƙungiyarsa a gida kawai rabinta ya sani. Idan kana da 'ya mace da take leƙowa tana tambayar nawa da nawa, ka ba ta nata littafin, kuma ranar da filin yake da sauƙi ka tafi da ita ɓangaren rufi.

Tarihi kuwa a hankali ake ba da shi, kamar yadda ake ba yaro labarin kakanninsa, yau kaɗan gobe kaɗan, a hanyar zuwa fili ko bayan sallar Isha'i. Ka gaya masa cewa kafin Pillars akwai Raccah Rovers, wadda ta kawo wa Kano kofin lig a 1978, domin ya san cewa ƙwallo a garin nan ta girmi ubansa. Ka gaya masa cewa filin da yake zaune a ciki ya karɓi wasannin gasar matasa ta duniya a 1999, da na cin kofin Afirka a 2000, da na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Ka sa ya haddace shekarun da Pillars ta ɗauki kofin lig, wato 2008 a hannun Kadiri Ikhana, sannan sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. Ka ba shi labarin 2009, shekarar da muka haɗu da Al Ahly ta Masar tana riƙe da kofin zakarun Afirka, aka yi 1-1 a gida, aka je Alƙahira aka yi 2-2, muka fitar da ita da ƙwallayen da muka ci a waje, muka yi ta tafiya har wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta tsayar da mu. Ka ambaci Rabiu Ali, wanda ake kira Pele, da shekarun da ya kwashe yana ɗauke da ƙungiyar nan a kafaɗarsa, da Gambo Mohammed, da Sani Kaita, da Shehu Abdullahi.

Kada kuma ka tsaya a kan sunayen Hausawa kaɗai. Theophilus Afelokhai ya daɗe yana tsare mana raga, Okey Emordi ne kocin da ya ɗauko kofin 2014, Junior Lokosa ne ya fi kowa cin ƙwallo a gasar 2018 da rigarmu, Chinedu Udoji kuma a cikin garin Kano ya rasu a haɗarin mota a watan Fabrairun 2018, bayan ya buga mana wasa da tsohuwar ƙungiyarsa Enyimba. Yaron da ya san waɗannan sunaye, ranar da ya ji wani a bayansa yana zagin ɗan wasan baƙi da ƙabilarsa ko addininsa, zai gane da kansa cewa mutumin nan bai san ƙungiyar da yake goyon baya ba.

Koya masa shan kashi

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mu 'yan zamanina muka sami giɓi a tarbiyyarmu ta ƙwallo. Daga 2003 har zuwa watan Agustan 2015 babu ƙungiyar da ta zo ta ci Pillars a gida a gasar lig, shekara 12, wasa 202. Wato tun ina ɗan shekara 13 har na kai 25 ban taɓa fitowa daga wasan lig na gida da baƙin cikin rashin nasara ba. Abin alfahari ne, kuma ina son ɗana ya san shi, amma ya haifar da samari masu yawa da suka ɗauka cewa nasara a gida haƙƙinsu ce, duk ranar da ba ta samu ba to lallai wani ne ya zalunce su, ko alƙalin wasa ko baƙi ko 'yan wasanmu da aka saya. Ranar da Nasarawa United ta karya tarihin da ci 2-1 na miƙe jikina yana rawa, ban san abin da zan yi da kaina ba, sai kawuna ya kama gefen rigata ya ce, “Zauna, ɗan nan. Shekara 12 muna yi wa mutane haka a nan, suna shiga motarsu su koma garinsu. Yau mu aka yi wa.” Na zauna, muka jira har filin ya yi sauƙi, muka taka zuwa gida ba mai cewa uffan, kuma da wasan gida na gaba ya zo shi ne ya fara aiko yaro ya kira ni.

Kada ka ɓoye wa yaronka ranakun baƙin ciki. Ka ba shi labarin wasan ƙarshe na kofin Aiteo, wato kofin ƙalubale na ƙasa, na 2018 a Asaba, inda muka ci Rangers ƙwallo uku ba ko ɗaya, mutane a Kano suka fara shirin murna, sai Rangers ta farke duka ukun a ƙarshe-ƙarshen wasa, ta kuma ɗauke kofin a bugun fanareti. Sannan ka ba shi na shekarar da ta biyo baya, 2019, a filin Ahmadu Bello na Kaduna, inda aka tashi babu ci tsakaninmu da Niger Tornadoes, muka yi nasara 4-3 a fanareti a ƙarƙashin koci Ibrahim Musa, muka ɗauki kofin a karon farko a tarihin ƙungiyar. Labaran nan biyu tare ake ba da su, domin daɗin na biyun ba ya fitowa sai ga wanda ya haɗiye na farkon bai bar ƙungiyar ba.

Akwai kuma labarin da ya fi waɗannan ɗaci, wanda ya kamata kowane yaro mai son Pillars ya ji shi daga bakin babba. Bayan annobar korona ta sa an mai da filin Sani Abacha wurin killace marasa lafiya a 2020, ƙungiyar ta daɗe tana buga wasanninta na gida a Kaduna, jama'a suna ta ƙishirwar ganinta. Da aka dawo Kano a watan Afrilun 2022, a wasa da Katsina United, wasu daga cikin 'yan kallo suka afka cikin fili, aka farfasa motar baƙin, hukumar gasar ta cire mana maki 3, ta ci tarar ƙungiyar naira miliyan 9, ta kuma mai da wasanninmu na gida Abuja. A ƙarshen wannan kaka Pillars ta faɗa rukuni na biyu, Katsina United ma ta faɗa, sai a 2023 muka dawo tare. Waɗanda suka ɗauki duwatsu a ranar sun yi imani cewa ƙungiyarsu suke kishi, amma makin da aka cire yana cikin abin da ya ja mu ƙasa, kuma babu wata ƙungiyar hamayya da ta taɓa yi mana illar da hannuwan namu suka yi mana. Har yau idan na tuna abin sai in ji kunya ta rufe ni, ko da yake ban ɗauki dutse ba.

Hanyar da nake bi da ɗana ita ce ta kirarinmu. Na tambaye shi, “Me muke cewa idan an ci?” Ya ce, “Sai Masu Gida, Baba.” Na ce masa, to a gidanmu idan baƙo ya zo me ake yi masa? Ya ce ana ba shi ruwa da tabarma. Daga nan ban ƙara komai ba, domin Bahaushe ya san cewa mai gida shi ne wanda baƙo yake kwana lafiya a ƙarƙashin rufinsa. A cikin fili a ci baƙo ƙwallo biyar idan an samu, a yi masa ihu har ya kasa jin muryar kocinsa, amma idan alƙali ya busa tashi haƙƙinsa ne ya shiga motarsa da gilashinta cikakke. Ka kafa wa yaronka dokoki uku da ba a sasantawa a kansu: ba ya jifa ko da da ledar ruwa ce, ba ya tsallake shinge, ba ya ashar. Kuma ka sani cewa bakinka yake kallo. Idan alƙalin wasa ya yi hukuncin da ka tabbata kuskure ne, ka yi ihu, ka ce bai yi daidai ba, amma idan ka zagi uwarsa a gaban yaro, to ka rushe duk abin da ka gina tun daga ƙofar gida.

Haka nan ka hana shi zagin 'yan wasanmu ranar da suka gaza. Ka gaya masa cewa mutanen nan a mota suke ratsa ƙasar nan daga Kano zuwa kudu su dawo, kuma a watan Maris na 2015 'yan fashi sun buɗe wa motarsu wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja suna tafiya Owerri, aka raunata biyar daga cikinsu, har da Gambo Mohammed. Wanda ya san irin hanyar da ɗan wasa ya bi kafin ya tsaya a gabansa zai yi tunani kafin ya kira shi maci amana saboda ya zubar da fanareti. Wannan labarin ne kuma dalilin da ya sa ba na ba da shawarar tafiya wasan waje mai nisa da yaro. Idan ya kai shekara 13 ko 14 kuna iya gwada Kaduna ko Katsina, da rana, ku zauna inda aka ware wa baƙi, ya ɗanɗana yadda ake ji idan kai ne baƙon.

Caca kuma ka tare ta tun daga nesa. Yanzu a cikin waya take, kuma yaron da ya iya lissafin maki da tarihin ƙungiyoyi shi ne wanda abokai za su fara cewa ya zo ya zaɓar musu wasa. Ka gaya masa ƙarara cewa haramun ce, ka kuma nuna masa abin da take yi wa mai kallo: wanda ya zuba kuɗi a kan wasa ya daina kallon ƙwallo, kuɗinsa yake kallo, har ya kai ga yana fatan a ci ƙungiyarsa don takardarsa ta fita. Kada ya taɓa ganin irin wannan takarda a aljihunka.

Wata rana, wajen shekara 15 ko 16, zai zo ya ce maka, “Baba, yau da abokaina zan tafi.” Kada ka ji haushi, kada kuma ka ce a'a kai tsaye. Ka tambaye shi su wane ne, ka tabbata ka san gidajensu da iyayensu, domin a gefen kowane babban taro akwai masu shaye-shaye da 'yan daba da suke fakewa da rigar ƙungiya, kuma yaro mai zafin kishi shi suka fi saurin ja. Ka ba shi kuɗin mota da na tikiti da na ruwa, ka ce ya kira ka idan an tafi hutun rabin lokaci, ya kuma kasance a gida kafin sallar Isha'i. Kai ma ka je filin a ranar idan ka saba, amma ka zauna a wani ɓangaren, kada ka neme shi da ido. Idan ya dawo ka bari ya ci abinci tukuna, sannan ka tambaye shi wa aka sa a tsakiya, a minti na nawa aka yi canji, kuma me ya gani game da ɗan bayan nan na hagu, ka ce ya ɗauko littafinsa ya rubuta sakamakon kafin ya kwanta.